Cajin da Malam Ya Bari

Malam Ilyasu kafinta bai bar wasiyya ba, amma ya bar batir cike da caji. A shekarar da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa Maraɗi daga Najeriya, wuta ta zama baƙuwar da ba ta zama: a kwana biyu ba a gan ta ba, in ta zo kuma kafin a shimfiɗa mata tabarma ta tashi. Wata Laraba da la'asar ta leƙo unguwar Zariya. Malam ya yi wuf ya ɗora batirin injin hujinsa a kan caja, ya ja kujera ya zauna yana gadinsa. Da ya cika ya zare shi da hannunsa, ya goge da bakin riga, ya ce wa matarsa Kubura gobe yana da aikin ƙofa a Jiratawa. Gobe ta zo, Malam bai je ba. Bayan sallar asuba ya jingina da bango, shi ke nan.

A cikin hayaniyar makoki babu wanda ya ga lokacin da Kubura ta ɗauke batirin daga kan taga, ta sa shi cikin kwalla, ta danne da zannuwa. Tsohon batir ne baƙi, an ɗaure masa gindi da salatif, rubutun jikinsa ya kusa gogewa. Akwai ɗan maɓalli a gefensa. In aka danna, fitilu huɗu kore su haska na ɗan lokaci su mutu. Kullum da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta buɗe kwallar ta danna. Ta san Malam yana inda kowa zai je, ba mahaukaciya ba ce. Amma wannan wutar shi ya zauna ya jira ta, shi ya zuba ta, kuma ba a taɓa ta ba. Riguna an rabar, takalma an yi sadaka, ita kaɗai ta rage mata yadda ya bar ta.

Da aka zo rabon gado, gida bai ba kowa wahala ba. Kayan aiki ne suka tayar da ƙura. Injin huji biyu ne, batir uku, kuma kowane batir yana shiga kowane inji. Mansura, 'yar auta da ke aure a Jiratawa, ta ce a ba ta kasonta a katako. Saura maza biyu: Inusa, ɗan fari, mai shagon kafinta a Sabon Gari, da ƙanensa Issa, mai aikin rufin kwano a Tibiri. Malamin da ke rabon ya ce ba ya raba abin da bai san darajarsa ba, su je su daidaita su dawo. A lokacin da wuta ke wasan ɓuya, batir mai riƙe caji ya fi doki daraja a wurin kafinta, don haka babu mai niyyar yin kara.

Kubura tana takaba, daga ɗakinta take jin su a tsakar gida. Inusa mutum ne mai son babbar lamba, ko takalmi zai saya sai wanda ya yi masa yawa. Ya ɗaga jan batirin da aka shigo da shi ta kan iyaka, marar sunan kamfani.

"Kai duba nan. Bolt ashirin, amfa shida. Wancan bolt sha takwas, amfa huɗu. Ko makaho ya san babba."

"Yaya, ashirin ɗin nan da sha takwas duk kanwar ja ce," in ji Issa. "Wani ya auna lokacin da anka cire shi daga caja, wani ya auna shina cikin aiki. Bolt ƙarhin tura wuta ne. Amfa ita ce yawan abin da ke ciki, kamar girman tankin babur. In kana son gwada biyu sai ka ninka wannan da wancan."

"To na ninka, nawa ne dai babba."

"In rubutun gaskiya ne ba. Ɗauki ka ji, ya hi wancan rashin nauyi. Ina amfa shida za ta ɓuya cikin abin da ba shi da nauyi? Kuma batir tsuhwa shikai. Baƙin nan na Baba amfa biyar ne ran da anka saye shi, wa ya san abin da ya rage mai yanzu?"

Suka yi ta ja har inuwa ta juya. Daga ƙarshe suka yarda da abin da ya kamata su fara da shi: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A cika batiran uku fam, a kawo katako ɗaya da ƙusa mai zare iri ɗaya, kowanne ya yi ta ɗaurewa har ya tsaya. Wanda ya fi ɗaurewa shi ne babba, ko me aka rubuta a goshinsa. Sai a lokacin suka tuna babu wanda ya ga na ukun.

Issa ya durƙusa a bakin ƙofarta. "Inna, ko kin ga baƙin batirin Baba?"

"Shina wurina."

"Gwaji za mu yi, mu maido."

"Ku ƙara mai wata wuta, sannan ku tatse shi har ya mutu? Na ji ku. Ka ce ma wancan," ba ta kama sunan ɗan fari, "in rabo ne ku yanke shi cikin tumunin takabata. Amma ba a taɓa min shi."

Maganar ta tsaya a nan. Malamin rabo ya naɗe tabarmarsa, 'yan'uwan suka koma gaisuwa daga nesa.

Kwanakin takaba dogaye ne, kuma Kubura ta samu inda take zuwa ba tare da ta taka zaure ba. In ta danna maɓallin, fitilun suka haska, sai ta lumshe ido ta bi Malam zuwa aikin da bai je ba. Ga shi a bayan kabu-kabu, jakar aiki a cinya, hula ta karkace. Sun fita gari, hanya ta miƙe kudu, iska ta fara ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Ga lambunan Jiratawa, zogale layi-layi, ruwa yana gudu a kwalbati yana ɗauke da sararin sama a bayansa. Malam ya sauka, ya gaida mai ƙofa, ya soke fensir a kunne. Kullum a nan take tsayar da shi, kafin ya danna injin, domin in ya danna wutar za ta ragu. Sai ta bar shi tsaye a inuwar mangwaro yana auna katako, yana ta aunawa, rana ba ta matsawa.

Amma zafin Maraɗi ba ya barin komai yadda aka ajiye shi. Wata safiya ta danna, fitila uku suka haska. Ta sake dannawa, uku dai. Ranar ba ta ci abin kirki ba. Bayan wasu makonni suka koma biyu, kuma a cikin lumshe idon nata Malam ya fara nisa, sai bayansa take hangowa a ƙarshen layin zogale. Ta rage dannawa, ta koma sai Juma'a, duk da haka tsoro bai bar ta ba. Mansura, da ke zuwa taya ta zama, tana lura da duk wannan.

Ran wata Juma'a Kubura ta buɗe kwalla, ta yi bismilla, ta danna. Fitilu huɗu.

Allah ya sani, na ɗan lokaci ta yi murna irin wadda ba ta yi ba tun tana amarya. Ɗakin ya yi mata haske, har ta ji kamar tarin Malam a zaure, kamar yanzu zai ɗaga labule ya ce a ba shi ruwa. Ta bar kanta a cikin wannan har fitilun suka mutu. Sannan hankali ya dawo, ya zo da ɗacinsa. Matattu ba sa caji.

"Mansura!"

Mansura ta shigo tana goge hannu, ta ga kwallar a buɗe, ta zauna tun ba a ce ta zauna ba.

"Ni ce, Inna. Shekaranjiya da na tahi ganin yara na tahi da shi. Maigidana na da wutar rana ta injin ban ruwa. Yaya Issa ya ba ni caja. Shi ya ce in anka bar batir ya zube ƙasa ya daɗe, ba ya sake tashi har abada. Na ga ya kusa, na ga ke ma kina bin shi."

"Wa ya aike ki?" in ji Kubura. "Abu guda ya rage min na ubanku, kin je kin zuba mai rana a kai!"

Ta juya wa bango fuska. Fushi take yi na gaske, har da Malam ɗin da ya tafi ya bar ta da gadin fitila.

Da la'asar Issa ya zo daga Tibiri, Mansura ta kira shi. Ya durƙusa inda ya saba, ya shirya shan faɗa. Sai Kubura ta yi tambaya, a hankali, kamar mai tsoron amsa.

"Sabuwar wutar, bisa ta zauna ko ta ture tashi waje?"

"Ba ta ture ta ba, Inna. Babu bisa babu ƙasa. Sun garwaye."

"In kunka yi gwajinku fa? Ku tatse har ya mutu, ai duk ta hita."

Issa ya girgiza kai. "Ba ya mutuwa. Injin ne ka tsayawa. An yi shi ne da gangan, in wuta ta yi ƙasa sai ya rufe, ya hana a taɓa sauran. Lambar da ke jikinshi ma abin da aka iya ɗiba kawai take hwaɗi. Wanda ke can ciki ba ya cikin lissahi."

"Ba daɗin baki kake min ba?"

"Wallahi haka yake. Ko Yaya ya sani."

Ta dubi batirin a cinyarta. Ba ta gane bolt ba, ba ta gane amfa ba, amma wannan ta gane shi. Ta miƙa masa.

"Ku yi a nan tsakar gida. Ba a Sabon Gari ba."

Washegari da hantsi aka kawo katako da kwanon ƙusa. Jan batirin Inusa aka fara da shi, ya yi ihu kamar zai huda duniya, bai je ko'ina ba ya sare. Inusa ya ce katakon ne mai tauri, Mansura ta yi dariya a madafa, shi ma ya dara. Na biyu ya yi abin da aka rubuta masa, ba ƙari ba ragi. Sannan Issa ya ɗaura baƙin batirin a inji.

Kubura tana zaune a bayan labule. Da injin ya tashi ta gane muryar, wannan ɗan kukan da ke shaƙewa in ƙusa ta kai ƙarshe, wanda ta yi shekaru tana ce masa ya dame ta. Ta lumshe ido, wannan karon ba ta tsayar da kowa ba. Ta bar Malam ya cire fensir daga kunne, ya jingina ƙofar, ya danna. Ƙusa bayan ƙusa, a inuwar mangwaro, har aikin ya yi nisa. Can kukan ya fara ja, ya yi kasala, ya tsaya a tsakiyar ƙusa.

A waje aka fara gardamar ko rabin ƙusa tana cikin ƙidaya. Ita ba ta ji wanda ya ci ba. Ta fito da hannu ta gefen labule.

"Ku ba ni shi tukuna."

Issa ya zare batirin ya ɗora mata a tafin hannu. Da ɗumi yake. Tun safiyar da aka fita da Malam ba ta taɓa wani abu nasa mai ɗumi ba. Ta rufe shi da hannu biyu, ta kai shi ƙirji, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar makoki.