Matar da Aka Ba da Labarinta a Aji

Tun da Auta ta shiga digiri na biyu a fannin jin daɗin al'umma, idonta ya daina ganin abu ya wuce. Yaro ya sa riga mai dogon hannu ana zafi, sai ta ce me ake ɓoyewa. Mahaifiyarsu har cewa take, "Wannan karatu naki ya mayar da ke ɗan sanda."

Kowane mako ɗalibi ɗaya ke tashi ya ba da labarin wani da yake kula da shi a wurin da aka tura shi koyon aiki. Ƙa'ida ce a canza suna da shekaru da sana'a, don kada a gane mutum. Ranar nan layi ya zo kan Doguwa, wadda aka tura wata cibiyar ba mata shawara.

Doguwa ta ce matar tana da yara uku, mijinta direba ne, kuma yana dukanta. Auta na rubutu abinta, har sai da ta ji an ce haƙorin matar na gaba ya ɓalle, ta gaya wa danginta wai marfin kabad ne ya buge ta.

Auta ta ajiye biro. Yayarta ma ta rasa haƙorin gaba bara, kuma marfin kabad ta ce. To amma Yaya yaranta biyu, mijinta mai gyaran firij ne. Sai dai ai canzawa ake yi, ita ma haka take canza nata.

Da aka tashi ta tare Doguwa a bakin matakala. "Matar nan, fara ce ko baƙa?"

"Kai, Auta! Ke ma kin san ƙa'ida."

"Tambaya kawai na yi."

"To, ni ma shiru kawai na yi." Ta gyara jakarta ta wuce.

Abin ya hana Auta sakat. Mijin Yaya mutum ne mai fara'a, shi ke kai Mama asibiti, shi ke kiran Auta "Farfesa". Amma ai mugu ba shi da kama. Washegari da rana, lokacin da ta san yana shago, ta nufi gidan Yaya.

Ta tarar da Yaya na gugar kayan makarantar yara. Idon Auta ya shiga yawo: madubin falo babu shi, sai ƙusar da yake rataye a kai. An sa wa ƙofar ɗaki sabuwar sakata, ta ciki. Wani babur ya wuce a waje, Yaya ta ɗaga kai, ba ta koma kan guga ba sai da ƙarar ta yi nisa.

Da ƙanwa ce kawai ta zo, da ta rungume ta su yi kukansu. Amma ina! Karatu ya riga ya shiga jiki. Auta ta ja kujera ta ajiye a karkace, ba gaba da gaba ba, yadda aka koya musu. Ta kife wayarta, ta haɗe hannuwa a cinya, ta sassauta murya.

"Yaya, duk abin da kika faɗa a nan zai tsaya. Me kike ji a ranki idan ya shigo gida?"

Yaya ta ajiye dutsen guga. Ta dubi kujerar, ta dubi wayar, ta dubi hannuwan.

"Haka yarinyar can ta cibiya take zama," ta ce. "Haka take kife waya. Har tambayar iri ɗaya. Ajinku ɗaya, ko?"

Auta ta yi sauri ta raba hannuwanta.

"Ta rantse min ba wanda zai ji. Ashe a gaban aji ake karanta ni." Yaya ta tsare ta da ido. "Ku nawa ne a ajin?"

"Wallahi ba ta faɗi sunanki ba, Yaya. Ni ce na..."

"Ke kin gane. Gobe wata ma ta gane. Jibi ya kai kunnensa." Ta zare wayar guga daga bango. "Tashi ki tafi, yara sun kusa dawowa. Kuma in Mama ta ji, ba ni ba ke."

Auta ta yi ta kira, Yaya ba ta ɗauka. Tausayi da haushin kanta suka cika ta, abinci ma ya daina shiga.

Mako ya zagayo, malamarsu ta tambayi Doguwa yadda ake ciki da matar nan.

"Ba ta dawo ba, Malama," in ji Doguwa. "Ta aiko a cire sunanta. Kuma ranar da ya kamata ta dawo ce za mu kai ta ta ga ɗakin da muka sama mata ita da yaran."

Malamar ta tambayi aji ko akwai wanda ke da ra'ayi kan abin da ya kore ta. Hannuwa suka tashi ko'ina, kowa da bayaninsa. Doguwa dai ba ta dubi kowa ba sai Auta.