Facin da Na Yi wa Limbek

Ni na yi wa Thomasin Wragg facin limbek ɗinta, wato tukunyar tatsar ruwan magani da tururi, a shekarar da sojojin sarki da na majalisa suka datse hanyoyi har kuza ta yi ɓatan dabo a Wirksworth. Hular tukunyar ce ta huje, daidai inda tururi ke taruwa ya huce kafin ya ɗiɗɗigo ta dogon bakin. Kuza ake sa wa irin wannan, ni kuwa ba ni da ita. Dalma ce muke tuntuɓe da ita a garin, tunda ita muke haƙa. Na liƙa mata facin dalma mai faɗin tafin hannuna, na goge shi ya yi ƙyalli. Ba ta tambaya ba, ni ma ban yi mata gwaninta ba.

Thomasin takan tatsi ruwan wardi da na na'ana'a kamar kowace mace, amma abin alfaharinta shi ne maganin ciki da take yi wa mijinta Humphrey da ruwan tsamin tuffa. Bayan facina sai maganin ya soma fita da wani zaƙi-zaƙi. Ta ce albarkar kakarta ce, wadda ta bar mata limbek ɗin. Humphrey makiyayin tumaki ne, mutum mai sanyin hali, abin da aka miƙa masa shi yake haɗiyewa.

Shekara uku bayan nan ta faɗo maƙerata da hular a hammata.

"Gervase, aikinka kamar alkawarinka, ba ya ƙarko. Ga shi yana yoyo."

"Uwar ɗakina, ko ina kwana babu?"

"Masu barci ake yi wa ina kwana. Ciki ya sa Humphrey a gaba, hannuwansa sun saki, ko sanda ba ya iya riƙewa. Da cokali biyu nake ba shi, yanzu na mai da shi huɗu. Gobe nake son abina."

Da ta fita na leƙa cikin hular. Facin ya cinye ya koma kamar ɓawon albasa, gefensa duk farin gari. A wurin narkar da dalma na tashi, kuma na ga yadda hannuwan mahaifina suka rinƙa lilo kafin ya mutu. Ba sai an gaya mini inda sauran facin ya tafi ba, yana cikin Humphrey.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, kuma ba Humphrey kaɗai na ji wa ba. Lokacin kuza ta dawo kasuwa, don haka na kankare dalmar tas, na zuba kuza zalla, na mayar mata da abinta bakina alaikum. A lissafina mutumin zai warke, ni kuma sunana bai ɓaci ba. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kwana huɗu sai ga ta da kwalba. Ta dangwarar da hular a kan uwar maƙera.

"Ɗanɗana."

Na ɗanɗana. "Lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyar gidanku! Tsami zalla, zaƙin ya gudu, ƙarfin maganin ke nan ya tafi. Me ka cire? Mayar mini da shi yadda yake."

"Ba ni da irin wancan."

"To shi ke nan, Raphe Fearn na nan a Matlock. Shi ba ya yi wa mutane yanga."

Na san Raphe. Ko haƙorinka ka kai masa, da dalma zai cike maka. Ta sunkuya za ta ɗauki hular, na ɗora hannu a kai.

"Thomasin, zauna."

"Ina da marar lafiya a gida."

"Dalma na sa miki a karon farko. Tsamin ne yake cinta, ita ce zaƙin da kike ji. Ciwon masu narkar da dalma ne a jikin Humphrey, alhali bai taɓa zuwa kusa da murhunsu ba."

Na zaci za ta rufe ni da zagi, har na so ta yi. Ta dai tsaya tana kallon hular.

"Facin, yaya girmansa?"

Na buɗe mata tafin hannuna. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ran Lahadi ya ce ya gaji da sha," in ji ta. "Na toshe masa hanci na ɗura masa."

Ta fita ta bar hular. Tana nan rataye a bangona har yau, ba ta aiko a karɓa ba, kuma ba ta kai ƙarata ko'ina ba. Idan muka haɗu a coci takan amsa gaisuwata da ka.

Humphrey bai mutu ba. Ciwon cikin ya lafa kafin a yi wa tumaki sausaya, amma hannuwan ba su sake tashi ba, ƙaninsa ne ya karɓi garken. Nakan biya in gaishe shi a bakin ƙofa, inda take zaunar da shi ya sha hantsi. Rannan na tarar tana ba shi fate da cokali. Da ta shiga ciki ɗebo ruwa, sai ya yafito ni da haɓa.

"Gervase, kai tana jin maganarka," ya ce a hankali. "Roƙar mini ita ta sake yi mini maganin nan mai zaƙi. Da ba ta daina ba, da yanzu hannuwan nan sun tashi."