Gwangwani Biyu a Tankin Besfa

Tun da na dawo daga jami'a a Yamai na zama mutumin da ke juya magana sau bakwai a zuciya kafin ya furta ta, har ta huce, masu sauraro su watse. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani biro, wato ofis, a Madawa, kuma a cikinsu abu ɗaya tak na aikata ba tare da dogon nazari ba. Na sayi babur ƙirar besfa.

Wanda ya hango ta daga nesa zai rantse ta haura shekara hamsin. Launinta kore ne mai haske, irin na kabar da ba ta gama bushewa ba. Fitilarta zagayayya ce kamar ƙaramin faifai, madubanta biyu suna tsaye a kan dogayen wuyoyi masu walƙiya, sirdinta ruwan ƙasa ne da ɗinki a jere, gabanta kuma ya lanƙwaso yana kare gwiwoyin mahayi. A ƙarƙashin wannan tsohuwar shiga kuwa injin bana ne. Wata 'yar na'ura ce ke auna mata esansi, wato fetur, ɗigo-ɗigo, ba ta da giyar canzawa, ba ta hayaƙi, kuma idan na murɗa hannu masu kabu-kabu sai dai su karanta lambata daga baya. Nakan zauna in dube ta ina tunanin cewa ta cim ma abin da ya gagare ni: ta ɗauko kamannin iyayenta ba tare da ta gaji nawarsu ba. Ni kuwa na yi karatun da ya raba ni da kamannin gida, bai kuma ƙara mini sauri ba.

Ranar da na kawo ta, Almu makaniki ya zagaye ta sau biyu, ya ce, "Shafi'i, wagga ba jakar ƙauye ba ta. Esansin kwalba na bakin hanya kar ka ba ta. Komi kar shi shiga tankinta sai na gidan mai." Na riƙe maganarsa kamar wasiyya.

Wata Alhamis bayan girbi, Inna ta kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Azarori. Likitocin ido sun yi mako guda a Madawa suna cire wa mutane yana, yau ce ranar ƙarshe, kuma ƙarfe goma sha biyu za su rufe rubuta suna. Mahaifinta, kakana Kalla, shekara uku ke nan da yanar ta rufe masa ido biyu, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Kwana shida ana lallashinsa ya ƙi. Ya ce motar haya ta awaki ce, kabu-kabu kuma na wanda ya gaji da duniya ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana aikin planto, wato masinja, yana kai takardun komanda mai mulkin yankin gari-gari, ba za a cusa shi tsakanin buhunan albasa ba.

"Ka zo ka gwada," in ji Inna. "Kai ka yi karatun lakwal, ƙila shi ji taka."

Na isa ƙarfe goma da rabi, na tsaya a ƙofar zaure. Tsohon yana kan tabarma ya jingina da bango.

"Wa na? Ɓarawon matata?"

Haka yake kirana tun ina ƙarami, don marigayiya kakata Tabawa takan ce da ni mijinta. Kowane jika a ƙasar Adar ya san amsar da ake mayar wa kaka. Ni kaɗai ne ban taɓa iyawa ba. Nakan gaishe shi kamar ina gaida shugaban biro. Na durƙusa na fara bayanin da na tsara a hanya, game da yadda aikin ido ya sauƙaƙa a zamanin nan. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Ashe wa'azi munka samu. Da mi ka zo? Ban ji ƙugin moto ba."

"Da besfa, Kaka."

Ya ɗago kai. Sa'an nan ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in kai shi wurinta.

Tafinsa ya fara sauka a kan fitila, ya bi zagayenta a hankali. Ya gangara kan lanƙwasar gaba, ya shafa sirdi, ya ƙirga ɗinkin da yatsa. Sai na ga haƙoransa uku da suka rage sun bayyana gaba ɗaya.

"La'ilaha illallahu! Nasiba! Taho ki gani! Irin tawa ta! Ɗan banzan ga, ina ka tono ta?"

Inna ta ji sunanta, ta fito da ludayi a hannu. Shi kuwa ya riga ya koma shekarunsa na planto: irin wannan komanda ya ba shi, da ita ya kai takarda garin Buza ya dawo kafin la'asar, a bayanta ya ɗauko Tabawa ranar kasuwar Bangi tana ƙanƙame shi tana salati. Ya laluba da ƙafa yana neman sandar da ake takawa a tada inji, bai same ta ba.

"Sun sare mata ƙahwa?"

"Maɓalli ake dannawa."

"Gara haka. Waccan ta sha hwasa mini ƙwauri." Ya buga sirdin. "Ga wagga ni ka zuwa Madawa. Nasiba, rigar kakina!"

Inna ta dube ni, idonta ya cika da hawaye, ta ruga ciki. Na ji kamar in yi tsalle, sai dai ban san yadda mai digirin lisansi ke tsalle a gaban kakansa ba. Neman rigar da hularta ya ci rabin awa. Sha ɗaya da kwata ya fito tsaf, maɓallai har wuya. Har na ɗora masa hular kwano sai ya ce, "Dakata. Ka yi mata melanji?"

Na gane abin da yake nufi. Besfar zamaninsu ba ta tafiya sai an gauraya esansi da man inji a tanki ɗaya. Wanda ya manta, injinsa ya kama. Tawa kuwa man injinta yana da mazauninsa daban, kuma maganar Almu tana nan a kunnena.

"Akwai komi a ciki, Kaka."

"Buɗe in shinshina." Ya sunkuya, ya ja numfashi. "Zallan esansi! Kashe ta za ka yi? Yaran yanzu kun iya saye, ba ku iya riƙo ba. Nasiba, kawo man injin ban ruwa da gwangwanin tumatir. Ba ni hawa dabba da ƙishirwa."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai tunani ya riga ni. Idan na ce ba irin tasa ba ce, sabuwa ce da aka yi wa tsohuwar fuska, zai cire hular ya koma tabarma, likitocin kuma su tafi, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsu. Idan na yi shiru, zai ɗura wa abin da na fi ƙauna abin da aka hana ni. Na dubi agogo. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar.

Na riƙe masa gwangwanin da hannuna, don kada ya zubar a kan fenti.

"Ɗaya," in ji shi. "Tsohuwa ta, a ƙara mata." Ya zuba na biyu, ya kama sirdi ya girgiza ta don ya gauraya.

Na danna maɓalli. Ta tashi. Kafin mu wuce rumbunan bakin gari ta yi wani ɗan tari da ban taɓa ji daga gare ta ba, wani siririn hayaƙi shuɗi ya biyo mu. A bayana kuwa tsohon ya shaƙa ya saki guɗa irin ta mata.

"Ƙamshin ga! Shekara arba'in ban ji shi ba! Sa mata giya ta biyu!"

"Ita ke sa wa kanta."

"Ta yi hankali da tsuhwa. Murɗa!"

Na murɗa. A kan jar hanya ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Karan gero da aka girbe suna wucewa ta gefe, wata mata mai ɗauke da ƙullin kaba ta juyo tana kallonmu baki buɗe. Wata 'yar fitila ja ta kunnu a gabana, alamar injin yana ƙorafi. Na dube ta sau ɗaya, na ji dariya ta taso mini daga inda ban san akwai dariya ba.

"Mi kake ma dariya, ɓarawo?"

"Kai nike ma, tsoho! Ka riƙe ni kamar yadda Tabawa ta riƙe ka!"

"Kai! Yau bebe ya yi magana! Ita ko salati take, kai mi za ni yi maka?"

"Yi mini kirari!"

Ya kuwa yi. Ya kira ni na Tabawa, mai biro ba komanda ba, mai karatun da ya hana gaisuwa. Muka hau kwalta, na ƙara wuta. Muka cim ma wani mai kabu-kabu da fasinja da akuya, muka bar su cikin hayaƙinmu. Muka wuce motar haya mai lodin albasa, Kaka ya ji ƙuginta ya ɗaga hannu ya ce, "Ku gaida awaki!" Rigar kakin tana kaɗawa, ni ina ihu, shi yana ihu, ban tuna auna ko kalma ɗaya ba.

Saura minti bakwai muka shiga asibitin. Besfar ta yi tari biyu a ƙofa ta mutu. Ban waiwaye ta ba. Na ja hannunsa har teburin, ma'aikaciyar ta rubuta Kalla a ƙasan takarda, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Da la'asar aka yi masa ido ɗaya, aka ce ya kwana. Ni kuma na tura besfar har garejin Almu. Ya shinshina tankin, ya dube ni, ya ce, "Kai da lisansinka?" Ya zubar da man, ya wanke abin da zai wanku, ya canza buji, wato filogi. Ta tashi, amma ya ce in saurare ta mako guda kafin in yi murna.

Washegari da hantsi aka cire bandejin. Kaka ya fara ganin Inna, wadda ta iso da safe, ya ce ta tsufa ba ta gaya masa ba. Ya dube ni ya ce ashe Tabawa ba ta da zaɓi. Sa'an nan ya ce a kai shi waje.

Besfar tana tsaye a inuwar dogon yaro. Ya rufe idon da ba a yi ba da tafi, ya zagaye ta. Ya tsaya a kan allon gabanta, inda lambobi ke haske kamar na salula. Ya leƙa inda sandar takawa ya kamata ta kasance, ya ga ko gurbinta babu. Na tsaya ina shirya bayani.

"Wagga ba irin tawa ba ta," in ji shi.

"A'a, Kaka."

"Ba ta shan melanji."

"Ba ta sha."

"Kuma ka riƙe mini gwangwani."

Ya daɗe yana dubana da sabon idonsa, har ya yi ruwa, ya ce hasken rana ne. Ya juya ya shafa fitilar.

"Hancin na, goshin na. Jikar waccan ta." Ya gyara hula. "To jika mace matar kaka ta, kowa ya san haka. Ka sace mini ɗaya, na samu madadi. Kawo makulli."

"Da ido ɗaya? Sai an yi na biyun, tsoho. Ba ni ba ka mata kana ganin rabinta."

"Yaushe likitocin za su dawo?"

"An ce sai mu bi su garin Tawa."

Ya ɗaga ƙafa ya hau baya, ya gyara zama, ya buga mini sirdin gaba.

"To mi muke jira?"