Wasiƙar Farfesa

Shekara bakwai tana koyarwa a sashen nazarin ƙasa a matsayin malamar wucin gadi. Ofis babu, sai kusurwar teburin ɗakin taro, kusa da injin kwafin da kullum yake cinye takarda. Duk ƙarshen zango sai gabanta ya faɗi, ko za a sake kiranta ko a'a.

Kwatsam sai ga talla a shafin wata jami'a: gurbi ɗaya na digirin dakta, haɗe da aikin koyarwa, kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fanninta ne sak. Sharaɗin kawai kada mutum ya haura shekara talatin da biyar, ita kuwa saura mata wata biyu. Ta san in wannan ya wuce, shi ke nan.

Ta cike komai, ta tura. Abu ɗaya ya rage, shaidar malaminta. Jami'ar ta aika wa malamin nata, Farfesa, imel ya loda wasiƙar a shafinsu da kansa kafin azahar ɗin Litinin. To, Farfesa mutumin kirki ne, amma fa imel ɗinsa sakatariya ke buɗewa, ta buga masa a takarda ya karanta da jan biro a hannu.

"Ranka ya daɗe, maganar wasiƙar nan..."

"Na gani, 'yata. Kwantar da hankalinki."

Sau biyu ta tuna masa. Na uku kunya ta hana ta, wai kada ta matsa wa babba. Kunyar banza!

Talata da safe saƙo ya shigo wayarta: takardunta ba su cika ba, ba za a duba su ba. Ta haura ofishin Farfesa. Ta same shi yana fara'a, ya zaro ambulan daga aljihun tebur, an manne, an buga hatimi, ya ratsa sa hannunsa a kan bakin.

"Na hana sakatariya ta buga," ya ce. "Irin wannan da hannu ake rubutawa. Sati guda ina gyara. Aika musu."

"Ranka ya daɗe, jiya aka rufe."

"Haba! Kira su, ki ce ni ne."

Ta fita baranda ta kira. Wata mata ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta yi haƙuri, shafin da kansa yake rufewa, ba mai iya buɗe shi.

Ta zauna a kan matakala ta yage ambulan. Shafi huɗu, rubutu tsaf. Ya ce a shekara arba'in bai ga ɗaliba kamarta ba, ya tuna har rijiyoyin da ta auna ɗaya bayan ɗaya a damina. Wallahi ba ta taɓa sanin haka yake kallonta ba. Ta fashe da kuka.

Farfesa ya leƙo daga ƙofa, ya ga ambulan a yage.

"Ash! 'Yata, ba a buɗe wasiƙar shaida. Yanzu ai ba za su karɓa ba."