Ranar Da Rediyo Ta Yi Shiru

Inji suke ce mata, kuma ba don zolaya kaɗai ba. Wata huɗu ke nan da aka ware ɗaki guda a asibitin don masu annoba, ba wanda ya taɓa jin nas ɗin nan ta ce wash. Ita ce ta farkon sa kaya, ita ce ta ƙarshen cirewa. In tukunyar iskar numfashi ta ƙare, kafin a nemo mai turawa ta garo wata. In wani ya kasa zuwa aiki, ita ke cewa, "Bari na riƙe masa." Har likitoci kan ce a ba Inji, ita ba ta neman mai.

To ashe inji ma yana zafi, murfin ne dai ba a ɗaga ba. Sati uku rabonta da barcin kirki. Hannun da ke samun jijiya ido a rufe ya fara rawa, har ta soki wata baiwar Allah sau uku kafin ta sa mata ƙarin ruwa. Kullum ƙarfe biyu na rana, in ta fito hutun cin abinci, sai ta zame ta shige siton zannuwan gado, ta murɗa makulli, ta kifa bokiti ta zauna. Ta cusa rigar filo a baki ta yi kuka na minti goma cif, tana duban agogo, don ko kukan ma a kan ƙa'ida take yin sa. Sannan ta wanke fuska ta fito tana tambayar wa ya sake ɗauke mata biro.

A gida ma haka. Mijinta malamin makaranta ne, an rufe makarantu ya koma kicin, kullum shinkafa ko ta ƙone ko ta caɓe, kuma kullum laifin tukunya ne. Ita kuwa a ɗakin baya take kwana, tsakanin kwalayen littattafansa da wani keke mara taya, don kada ta kwaso wa yara cuta. Ta taga suke hira. Autarta mai shekara huɗu ta ɗora haɓa a bakin taga, shi kuma ya ce, "Maman yara, yaya aiki?" Ta ce, "Lafiya lau." Ya dube ta ya dube ta, ya koma kan tukunyarsa.

Me ya hana ta faɗa? Babbar Sista, shugabar nas-nas ɗin ɗakin. Mace ce da in ta dubi zanin gado sai ya miƙe da kansa. Watan jiya wata nas ta fashe da kuka a bakin aiki, kwana biyu aka gan ta a ofishin kati tana jera fayil. Inji kuwa da kanta ta roƙi a sa ta a ɗakin annoba, ta san kowane gado da tarin mai shi. A raba ta da nan a kai ta jera takardu? Gara ta ci gaba da cin rigar filo.

Aikin ɗakin yana da nasa tsarin. Kafin ka shiga sai ka sa rigar kariya tun daga kai har ƙafa, da takunkumi, da gilashi, da safar hannu biyu-biyu. In ka gama, uwar da ta haife ka ma ba za ta gane ka ba, shi ya sa ake rubuta sunan kowa da alƙalamin maka a ƙirjin rigarsa. Kuma ba a cire kaya a kaɗaice. Mutum biyu ake fita, ɗaya na cirewa ɗaya na kallo yana kiran abin da ke biye, don wurin cirewar nan ne cuta ke kama mutum. In aka fara kira ba a tsayawa, ko gobara ake yi.

Abokiyar cire kayan Inji ita ce Rediyo, nas gajera mai jiki, wadda in ta buɗe baki da safe sai an tashi aiki. Ko a cikin takunkumi ba ta san shiru ba, marasa lafiya har tashar suke nema.

Ranar Laraba Inji ta shiga tun sassafe, tana riƙe wa wani. Wajen ƙarfe goma gajerar riga ta shigo da REDIYO ɓaro-ɓaro a ƙirji, ta ɗaga mata hannu ta nufi ɗaya ƙarshen ɗakin. Aiki ya yi yawa, injinan iska na ta huci, kowa na magana da hannu. Ƙarfe ɗaya da rabi suka fito tare zuwa ɗan ɗakin cire kaya. Benci ɗaya ne a ciki, da madubi, da bokitai masu murfi. Suka fesa wa juna ruwan magani, suka zauna jiran minti biyar ɗin da doka ta ce.

Rediyo ba ta ce uffan ba. Da wani ne ya ji wannan shirun, da ya sha jinin jikinsa. Inji kuwa cewa ta yi a ranta, yau Allah ya ba Rediyo kunne, bari in yi amfani da shi kafin ya ƙwace.

"Ƙawata," in ji ta, tana kallon ƙasa, "zan faɗa miki magana, amma in ta fita ban yafe ba. Na gaji. Wallahi na gaji. Ba na barci. In na rufe ido ƙarar injinan nan nake ji. Auta ta miƙo mini hannu ta taga jiya, na ja da baya kamar ta miƙo wuta, yarinyar nan ta tsaya tana kallona. Kullum ƙarfe biyu a siton zannuwa nake kuka, kin ji Injin naku."

Gajerar riga ta ɗora safar hannunta a kan gwiwar Inji. Wannan ya ƙara kwance mata baki.

"Kuma kada ki ce in gaya wa Babbar Sista. Matar nan da dutse aka yi mata zuciya. Ina jin ko ranar da aka haife ta ba ta yi kuka ba, duban ungozoma ta yi ta ce mata hannunki bai wanku ba. Ta ji labarin nan, gobe ina ofishin kati."

Kafaɗun gajerar riga suka ɗan girgiza. Inji ta ɗauka kuka take taya ta, har ta ji sanyi a ranta.

Minti biyar suka cika. Gajerar riga ta miƙe ta tsaya gaban madubi, Inji ta fara kira.

"Safar waje. Wanke hannu. Zuge riga."

Riga ta sauka. Hular ciki ta ɗan zame, sai ga furfura a gefen kunne. Inji ta ƙifta ido. Rediyo shekararta talatin da ɗaya, yaushe ta yi furfura?

"Wanke hannu," ta ce, murya ta fara siririya. "Gilashi."

Gilashi ya fita. Idanun nan da ke miƙar da zanin gado suka dube ta ta cikin madubi. Innalillahi! Inji ta nemi ƙasa ta tsage ta shige, ƙasa ta ce ba ruwanta. Ga ƙofa nan taku uku, amma an fara kira, ba a tsayawa.

"Ina jin ki," in ji Babbar Sista ta cikin takunkumi. "Me ke biye?"

"Wanke hannu, ranki ya daɗe."

"Sai me?"

"Takunkumi, ranki ya daɗe."

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Rediyo ta rubuta sunanta a riga da safe, kafin ta sa sai ciwon haƙori ya tayar mata, aka tura ta gida. Riguna sun yi ƙaranci, ba a yar da sabuwa don an ɓata ta da maka. Babbar Sista, da suke tsayi ɗaya da jiki ɗaya da Rediyo, ta zura abinta ta shiga cike gurbi.

Sai da Sista ta kira wa Inji nata cirewar tsaf, ba ta tsallake ko wanke hannu ɗaya ba, sannan suka fito baranda. Inji ta tsaya kamar wadda ruwa ya doka.

"Sista, don girman Allah, maganar ungozoma..."

"Ƙarfe biyu kika ce?"

"Na'am?"

"Siton zannuwa. Ashe ke ce! Sati uku ina zuwa ina tarar da ƙofa a kulle, in tsaya a waje ina yi kamar lissafin barguna nake. A da ƙarfe biyu lokacin nawa kukan ne, yarinyar nan. Kin ƙwace mini lokaci, dole na koma biyu da kwata. Kuma ke ce ke barin bokitin a kife, Allah ya yi miki albarka, gwiwoyina sun gode."

Inji ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa tare da majina da hawaye. Babbar Sista ma ta dafa bango tana yi, har mai shara ya leƙo ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya koma da baya da tsintsiyarsa.

"Kin ɗauka ke kaɗai ce?" in ji Sista tana share ido. "Mai ba da magani a motarsa yake nasa kukan, ya kunna waƙa. Babban likita kuwa bayan tankin ruwa, wai waya yake amsawa. Kowa na ɓoye wa kowa, kamar masu satar kaza."

"To wadda kika mayar ofishin kati fa?"

"Ciki gare ta, wata uku. Ita ta roƙe ni, ta ce kada in faɗa. Kun mayar da ni dodo a banza." Ta gyara tsayuwa, muryar aiki ta dawo. "Saurara, 'yata. Kuka ba ya fitar da nas daga ɗakina. Hannu mai rawa da aka ɓoye mini, shi ke fitarwa, don ran mutane ne a hannun. Yau za a yi miki gwajin cutar. In ya fito lafiya, kwana huɗu a gida, ki rungumi 'yarki. Gobe ƙarfe goma ki kira likitar nan mai sauraron damuwa, ga lambarta, ni ma ranar Asabar nake zuwa wurinta. Litinin ki dawo mini. In kika leƙo kafin Litinin, a ofishin kati za ki yi ritaya."

Gwaji ya fito lafiya washegari da hantsi. Inji ta buɗe ƙofar ɗakin baya ta shigo falo da ƙafarta. Auta ta tsaya turus, ta dubi babanta tana neman izini, sannan ta kwaso da gudu ta faɗa mata a jiki har suka zube kan kujera. Mijin ya fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Maman yara, yaya aiki?"

"Baban yara, na gaji. Na gaji ƙwarai."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Wata guda nake jiran ki faɗa. Kwanta, na dafa shinkafa."

"Wayyo, ashe da sauran jarrabawa."

Ta ci duk da haka, ta yi barci Auta na kwance a bayanta, har rana ta juya. Da ta farka ta tarar da mijin ya riƙe mata hannu yana neman bugun jini a bayan gwiwar hannu, inda ko likitan dabbobi ba ya nema. Wai barcin ya yi yawa ne, ya tsorata.

Ba a ce kwana huɗu sun wanke komai ba. Ta yi magana da likitar sau biyu, ta yi kuka sau biyu, aka sa mata ranar komawa. Amma ranar Litinin da ta ɗauki allura, hannun ya tsaya cak. Rediyo ta dawo da kumburarren kunci da cikakken labari, tana bin ta gado gado: "Ni kika zauna kika gaya wa sirri, kuma ba na nan! Maimaita mini tun daga farko, har da ta ungozoma."

A gado na bakwai akwai wani tsoho da ya yi sati biyu a kan injin iska, a ranar aka cire masa. Ya karanta ƙirjin rigarta a hankali, ya kama hannun rigar.

"Inji, ina kika shiga? Kwana huɗu ina tambaya."

Ta buɗe baki za ta ce hutu, sai ta fasa.

"Jinya na je, Baba."

"Ke ma?"

"Ni ma."

"To yaya jikin?"

"Da sauƙi. Ban warke duka ba, amma da sauƙi."

Tsoho ya gyaɗa kai, ya ja numfashi da ƙirjinsa, shi kaɗai ba inji.

"Mu biyu ke nan," in ji shi. "Allah ya ƙara mana sauƙi, 'yata. Ɗaga mini filon nan."