Inda Yatsan Baba Tela Ya Sauka

Likita ta tare Malama a bakin ɗakin majinyata maza, ba ta tsaya kwana-kwana ba.

"Ke ce babbar 'yarsa ko? To ki saurare ni. Ƙafar nan ta mutu, kuma so take ta tafi da mai ita. In bai yarda mun cire ta yau ba, dafin zai shiga jini, daga nan kuwa ba ni da abin da zan yi masa. Hankalinsa garau yake, ba ni da ikon taɓa shi sai ya ce to da bakinsa. Na ajiye masa wuri a ɗakin tiyata da yamma. Ku san yadda za ku yi da shi."

Malama ta ce to. 'Yan aji arba'in take juyawa da ido ɗaya a makarantar da take koyarwa, ubanta kuwa ba ta taɓa iya juya shi ko taku ɗaya ba.

Baba Tela mutum ne mai ciwon sukari da taurin kai, kuma duk wanda ya san shi ya san na biyun ya fi na farkon tsanani. Fil ne ya soke shi a tafin ƙafar dama cikin shagonsa, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba da aiki, yana shafa wani baƙin mai da maƙwabcinsa ya ba shi, har Mama ta gaji da warinsa ta jefar da kwalbar tun watannin baya. Sai da ya faɗi a tsakar gida aka samu aka kinkimo shi asibiti.

Amma ba ciwon ne ya ɗaure wa iyalin hannu ba, wata ɗabi'arsa ce. Tun yana saurayi, in al'amari ya sha masa kai, sai ya wanke hannu, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, ya rufe ido, ya buɗe, ya dangwala yatsa. Duk ayar da yatsan ya sauka a kai, ita ce amsar Ubangiji, an gama magana. Fasto ya yi wa'azi a kan abin har makogwaronsa ya bushe. A gida kuwa abin dariya ne. Ranar da ya so ya sayi tsohon babur, yatsan ya sauka a kan dogon jerin wane ya haifi wane, ya ƙura wa shafin ido, can ya ce ma'anarta a jira tukuna.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ranar da Likita ta fara ambaton yanka, ya buɗe a gaban Mama, yatsansa ya sauka a kan labarin wani sarki na zamanin dā da ya kamu da mugun ciwo a ƙafa, ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba, ya mutu.

Malama ta shiga ɗakin. An ja labule an kewaye gadonsa saboda wari, fankar sama tana juyawa kamar ba ta so. Mama tana zaune a kan kujerar roba, idanu sun kumbura. A gefen gadon kuma ga Dattijo, dattijon ikilisiyarsu, wanda Malama ta kira a waya tun da safe. Shi ne mai ajin tambayoyi bayan sujadar Lahadi, inda kowa ke kawo ayar da ta ɗaure masa kai. Baba Tela ne ɗalibinsa mafi daɗewa, kuma mafi gardama.

"Aboki," in ji Dattijo, "me muke cewa kullum a aji? Ba a tsinke aya ɗaya a gudu da ita. Ka karanta abin da ke gabanta da na bayanta?"

"Na karanta."

"To ka ga sarkin nan tun kafin ciwo ya juya wa Allah baya. Har wanda aka aiko ya tsawata masa sai da ya kulle. Ba ganin mai magani ne laifinsa ba, watsi da Ubangiji ne."

"Ni ka shiga zuciyata ka ga ban juya ba?"

Dattijo ya haɗiye wannan, ya sake shiri. "Labari daban, umarni daban. An ba mu labarin abin da ya sami mutum ɗaya, ba a ce duk mai ciwon ƙafa ya guji asibiti ba. Kuma muna cewa nassi da nassi ake fassara shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta bishara ma likita ne."

"Duk na sani. Wani ma ni na tuna maka da shi a aji." Gumi yana tsattsafowa a goshin Baba Tela, leɓɓansa sun bushe, amma harshen yana nan da kaifinsa. "Amsa mini guda ɗaya tak. Littafin nan shafi nawa ne? Cikin wannan tulin, me ya kai yatsana kan ƙafa, kan masu magani? Me ya sa bai sauka kan raƙuma ba?"

Baba Tela ya juya ga Mama.

"Miƙo mini shi, uwar yara. Bari su gani da idonsu."

Mama ta zaro Littafin daga ƙarƙashin matashi. Tsoho ne, baƙin bangonsa ya koɗe, Baba da kansa ya taɓa yi masa riga da guntun yadi. Ya rufe ido, ya motsa leɓe, ya buɗe, ya dangwala.

Dattijo ya leƙa, sai ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Shafin nan ne dai.

Mama ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu! Ku ƙyale shi, don Allah ku ƙyale shi. Kada mu ja da abin da ya fi ƙarfinmu."

Malama ma a cikin gidan nan ta girma, kuma tsoro ba ya tambayar takardar makaranta. Ta dubi taga, rana ta riga ta karkata. Wata dabara ta faɗo mata, ta juya ga Dattijo da sauri.

"Baba Dattijo, ara masa naka Littafin. Ya buɗe naka mu gani."

"A'a, 'yata."

"Don Allah! Ko wace aya ce ta fito, ai ta fi wannan."

"In ta fito mai daɗi, na koya masa cewa hanyarsa daidai ce. In ta fito mai ɗaci, ni na miƙa masa wuƙa. Maganar Allah ba ƙuri'a ba ce, ba zan sa hannuna a ciki ba."

"Ko da zai mutu?"

Tsohon ya ƙanƙame nasa Littafin a ƙirji, idonsa ya ciko. A wannan lokacin Malama ta ji ta tsane shi, shi da gaskiyarsa duka. Mutum yana mutuwa, wani yana gadin ƙa'ida!

Ta fizgi Littafin ubanta daga kan bargo, ba tare da ta san me za ta yi da shi ba. Ta dangwarar da shi a kan ƙaramin kabad na gefen gado, a tsaye kan ƙashin bayansa, don ta share hawaye. Da ta saki, sai ya rabe biyu da kansa, ya kwanta.

Shafin nan ne.

"Kin gani ko?" in ji Baba Tela a hankali. "Ko ba hannu."

Ta gani, amma ba abin da yake nufi ba. A tsakiyar shafin ɗinkin littafin ya saki, zare ya fito fili. Gefen takardar ya yi duhu ya yi laushi, kamar wuyan rigar da aka daɗe ana sawa. A ƙasa kuma, daidai inda babban yatsa ke riƙewa, ga tabon mai, baƙi, ya ratsa har bayan takardar. Ta kai hanci. Warin man nan ne da Mama ta jefar tun watannin baya.

Ta rufe Littafin. Yanzu ta san abin da za ta faɗa, kuma faɗarsa ya fi mata rashin sani wuya. Wace 'ya ce za ta tsaya a gaban uwarta da aminin ubanta ta ce masa ba Allah ne ya yi magana ba, kai ne? Mutumin nan in aka kunyata shi, zai iya mutuwa don kawai kada a ce ya janye.

"Mama, Baba Dattijo, ku ɗan ba mu wuri."

Suka dube ta, suka dubi juna, suka fita bayan labule. Ta jawo kujerar roba har gwiwarta ta taɓa ƙarfen gadon.

"Baba, ina da tambaya. Irin ta aji."

"Tambayi, uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"In aka ninke yadi a wuri ɗaya kullum, aka bi shi da guga, sai aka saki, ina zai karye?"

"Inda ya saba mana. Wannan ai ko..." Ya tsaya.

Ta tsayar da Littafin a tafin hannunta, ta saki, ya rabe. Ta ɗora yatsa kusa da tabon man, ta bar shi a wurin.

Ya daɗe yana kallon tabon. Fanka tana ta juyawa. A gadon da ke bayan labule wani yana tari. Malama tana jiran ya daka mata tsawa, ya ce ta fita, ya ce boko ya cinye mata bangaskiya.

"Tun ran da yatsun suka fara baƙi na nemo wurin," ya ce daga ƙarshe, muryarsa can ƙasa. "Na san akwai shi. Kullum in na rufe shago sai na karanta. Amma na rantse miki, ran da na buɗe gaban uwarki idona a rufe yake. Ban yi ƙarya ba."

"Na sani, Baba. Littafin ma bai yi ƙarya ba. Inda ka saba kai shi ya kai ka."

Ya juya fuska wajen bango. "Tsoro nake ji, uwata. Tela ba ƙafa, me ya rage? A ɗauke ni a ajiye kamar buhun ƙyalle?"

"Ni ma tsoro nake ji. Amma ubana nake so, ba mai taka keke ba."

Kafaɗunsa suka girgiza. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, sai ta kawar da ido, ta riƙe masa hannu. Hannun zafi zau.

"Kira mini wancan mai gardamar," in ji shi.

Dattijo ya shigo, Mama a bayansa.

"Aboki, tambaya ta ƙarshe. In na yarda aka yanke, na bi sawun sarkin nan ke nan?"

"Shi bai nemi Ubangiji ba. Kai nemi Shi yanzu, a gabanmu, sannan ka tafi wurin likita. Babu inda aka ce sai ɗaya."

"To me ya sa ni? Me ya sa ƙafata?"

"Wannan ban sani ba. Shekara da shekaru ana kawo mini ita a aji, ban taɓa samun amsarta ba."

"Yau dai ka faɗi gaskiya," in ji Baba Tela. "Yi mana addu'a, kada ka ja ta, ka san halinka."

Kafin a ce amin Malama ta riga ta kai ƙarshen baranda da gudu don kiran Likita, takalminta a hannu.

Likita ta zo da ma'aikatan jinya biyu da gadon turawa. Ta ɗaga bargo, ta warware bandeji, ta danna nan, ta danna can, tana hawa sama. Malama tana kallon fuskarta, ta ga lokacin da ta canza.

"Baba, ka yarda?"

"Na yarda. Sai dai roƙo ɗaya, Likita, daga mai yanka zuwa mai yanka. Ki yanka a miƙe, kuma ki bar mini wurin kalmasa. Ki bar mini gwiwa."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ta yi dariya. Likita ba ta yi ba.

"Ran da na fara yi maka magana, da na bar maka ita," ta ce. "Yau ya wuce gwiwa, Baba."

Mama ta toshe baki da gefen mayafinta. Baba Tela ya dubi ƙafar tasa tun daga yatsu har cinya, a hankali, yadda yake duban yadin da mai shi ya kawo bayan asu ya riga ya ci. Sannan ya ɗaga ido ya nemi 'yarsa.

"Uwata, riƙe mini hannu har bakin ƙofa."

Ta riƙe. Aka tura gadon, tana bin gefensa da sassarfa, yana matse mata yatsu har suna ciwo. A bakin ɗakin tiyata ma'aikaciyar ta ce nan ne iyakarta. Bai saki ba, sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga nata ɗaya bayan ɗaya.