Ɗan Mutum Mai Tsallake Rami

Kadidiya ta sake tura faifan disket ɗin cikin sabuwar kwamfutar, ta danna. Allon ya yi baƙi, ya kawo wani rubutu, ya koma yadda yake.

A bayanta, mijinta Attahiru na zaune bisa kujerar roba, hannunsa na dama a yashe kan cinya. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kalfu kafin ɓarin jikinsa ya shanye, shi ya sa har ita take kiransa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Likita ya ce a riƙa motsa hannun. An gwada carbi, an gwada murza gero, duk ya ƙi. Abu ɗaya ya yarda da shi: wani tsohon wasa na ɗan mutum mai tsallake ramuka, da ke cikin kwamfutar biro, wato ofishin gina rijiyoyi inda take buga takardu. Kowace Asabar, da izinin darakta, takan kawo shi ya yi ta fama da maɓalli, har yatsu biyu suka fara lanƙwasuwa. Sai aka kwashe tsofaffin injuna aka kai Yamai, aka kawo sababbi. Ta dai kwafe wasan a disket, amma tun ranar da ya ji labari ko fura bai sha kirki ba.

"Mushe, yi haƙuri, yanzu zai tashi," in ji ta.

Ko kallonta bai yi ba.

Ta bar shi wurin Garba mai gadi, ta tari kabu-kabu zuwa tasha, don ta ji an ce yau Rissa, wanda ya haɗa injunan, zai koma Yamai. Ta same shi da ƙafa ɗaya cikin mota, ta faɗa masa wasan ya ƙi tashi.

"Madam, sabon tsarin bai san wasan nan ba," in ji Rissa. "Kamar ki yi wa Bature Tamashek, yaren Buzaye, ne."

"To a koya masa!"

"Ba a koya masa. Mota za ta tashi."

Ta riƙe igiyar jakarsa. Mutane suka juyo, karen mota na ta dukan ƙofa.

"Don Allah, don Annabi. Mijina ne. In wasan nan bai tashi ba, kwanciya zai yi, kuma na san ba zai sake tashi ba."

Rissa ya dube ta, ya buɗe jakar, ya laluba, ya zaro wani disket mai karce.

"Kashe injin, sa wannan, sannan ki kunna. Zai tashi da tsohon tsari, sai ki sa naki. In darakta ya tambaya, ban san ki ba."

Ta dawo gumi sharkaf, takalmi ɗaya a tsinke. Ta yi yadda ya ce. Injin ya yi gurnani, sai ga ɗan mutumin a allo, tsaye da jar hularsa.

"Mushe! Ga shi!"

Attahiru ya ɗago kai. Ya sa hannun hagu ya ɗauki na dama, ya aza bisa maɓalli. Kafin yatsan ya motsa, ɗan mutumin ya fyalla kamar an harbo shi, ya zurma rami. Aka sake, ya zurma. Sabon injin ya fi ƙarfin wasan, komai gudu yake yi. Hannun ya zame, ya koma cinya.

Hawaye suka cika mata ido. Ta ja kujera da fushi, ta sa yatsunta, waɗanda duk biron ke yabon saurinsu. Rami. Ta sake. Rami. Ta cije leɓe, ta zagi ɗan mutumin da uwarsa, ta sake. Rami.

Sai ta ji wani sauti a gefenta, ta zabura, tana zaton shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce, da rabin baki, miyau na zuba.

"Ke... ma," in ji shi da ƙyar.

Ta kai hannu za ta kashe injin. Ya girgiza kai, ya sake ɗauko hannun nasa.

"Matsa," ya ce.